Me ya sa aka ce in mayar da kifin da na kama cikin teku?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a garin Plymouth da ke kudu maso yammacin Ingila, nakan je fatsa bakin teku ranar hutu. Kwanan baya na kama kifin sibas (wanda Turawa ke kira sea bass) mai tsawon santimita 38, sai wani dattijon Bature da ke gefena ya ce doka ta hana in tafi da shi sai ya kai 42. Abin da ya ɗaure min kai, a kantuna ana sayar da waɗanda ba su kai nawa ba, ga kuma manyan jirage suna ta kwasa. Ƙugiyata ɗaya ce za ta ƙarar da kifin teku?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dattijon nan gata ya yi maka, don da jami'an kula da kamun kifi ne suka gan shi a jakarka, da maganar tara ake yi yanzu.

Bari mu fara da na kanti, shi ya fi sauƙi. Waɗancan ƙananan da kake gani a jere kan ƙanƙara, kusan duk girmansu ɗaya, na kiwo ne. Akasarinsu daga Turkiyya da Girka ake kawo su, inda ake kiwon su a keji cikin teku, a ba su abinci har su kai cikin faranti. Dokar santimita 42 ba ta hau kansu ba, ta wanda aka kamo a teku ce. Duba takardar da ke jikin ledar, za ka ga an rubuta na kiwo ne da ƙasar da ya fito.

Shi kuwa na teku, matsalarsa jinkirin girma. A ruwan sanyi irin na Ingila, macen sibas takan kai shekara biyar zuwa takwas kafin ta fara zuba ƙwai, lokacin tsawonta ya kai wajen santimita 40 zuwa 45. Tun daga 1990 ma'aunin da doka ta yarda da shi 36 ne, wato shekara da shekaru ana kwashe mata tun ba su taɓa hayayyafa ko sau ɗaya ba, kuma da izinin hukuma. Sai a 2015 aka ɗaga shi zuwa 42. Naka mai 38 ɗin, in mace ce, da wuya a ce ta taɓa yin ƙwai.

Amma ba nan babbar ɓarnar take ba. Wannan kifi yana da wata ɗabi'a da ke ba da shi. Da sanyi ya kama, manyan sukan bar gaɓa su nufi zurfi, su taru jingim a yammacin mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa da kuma tekun kudancin Ailan, su zuba ƙwai daga wajen Fabrairu zuwa bazara. Masu manyan jirage sun san wurin, sun san lokacin, ga na'urar da ke nuna musu garken kifi a ƙarƙashin ruwa. A da, kafin a hana a 2015, sai jirage biyu su jera, su ja ƙatuwar koma ɗaya a tsakaninsu, su ratsa tsakiyar taron. Mafi yawan masu wannan salo a lokacin jiragen Faransa ne. Abin da mai fatsa zai shekara bai kama ba, su a ja ɗaya suke ɗagowa, kuma yawanci manya ne da suka taru don hayayyafa. Har dabbar dolfin takan faɗa cikin komar ta shaƙe, ruwa ya turo gawarta gaɓar Cornwall da Devon, nan kusa da kai. Abin da ke ruɗar mutane a irin wannan kamun kifi shi ne, jirgi zai ci gaba da dawowa maƙil ko da kifin ya kusa ƙarewa, tunda ragowar ma wuri ɗaya suke taruwa. Mai jirgi ya rantse maka kifi na nan birjik, kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da idonsa ya gani ke nan.

Aka kuma yi rashin sa'a, daga wajen 2008 aka jera shekaru 'ya'yan kifin ba sa tsira sosai, har da sanyi mai tsanani da ke kashe su a bakin koguna inda suke tasowa. Ana ɗiba ta sama, ba a ƙarawa ta ƙasa. Majalisar masana binciken teku ta ICES, mai hedikwata a Kopenhagen, ta ba da shawara a 2014 a rage kamu da kusan kashi 80 cikin 100. Ministocin Tarayyar Turai suka zauna a Disamba suka tashi ba su daidaita ba. Sai a ƙarshen Janairun 2015, bisa roƙon Birtaniya, aka kafa dokar gaggawa ta hana wannan jan koma har ƙarshen Afrilu. Daga nan sauran suka biyo: ƙarin ma'auni, ƙayyade abin da kowane jirgi zai sauke, rufe Fabrairu da Maris. Duk da haka sai da ICES ta ce a 2017 kada a kama ko ɗaya. A ganina an makara, kuma gardamar rabo ce ta jawo. An daɗe ana maganar sa wa kifin iyakar tan-tan a shekara, amma rabon yakan bi tarihin kamun kowace ƙasa, wanda zai ba Faransa kaso mafi tsoka, ita kuwa Ailan da ta hana masuntanta kamun sibas na kasuwa tun 1990 ta tashi a tutar babu. Wanda ya kame hannunsa shi za a hukunta ke nan.

To, ina matsayin ƙugiyarka? Ita kaɗai ba komai ba ce, amma ba kai kaɗai ba ne. Masu fatsar nishaɗi a Ingila da Faransa dubbai ne, kuma lissafin masana a wancan lokaci ya nuna wajen kashi ɗaya cikin huɗu na sibas ɗin da ake cirewa a wannan yanki hannunsu yake bi. Shi ya sa aka sa musu iyaka: uku a rana a 2015, ɗaya a 2016, a farkon 2018 ma kamawa da saki kawai, a 2020 aka sassauta zuwa biyu da kifin ya fara farfaɗowa.

Inda ƙorafinka yake da ƙarfi shi ne kifin da ke faɗawa komar jiragen da suka fita neman wani kifin daban. Doka ta ba su ɗan kaso kaɗan su sauke, saura su zubar a ruwa, kuma wanda ya sha matsa a cikin koma yawanci mushe ne. An yi asararsa, bai shiga kasuwa ba, bai koma ya hayayyafa ba. Haka ragar da ake kafawa kusa da gaɓa: sunan dai tsautsayi ne ya kawo sibas ciki, amma mai kafa ta ya san hanyar da kifin ke bi. Masu fatsa sun daɗe suna kuka da wannan, kuma ina ganin suna da gaskiya. Su ma ƙananan masunta masu kama shi da ƙugiya don sayarwa, irin na yankin Bretagne a Faransa da ke maƙala wa kowane kifi alama don mai saye ya san da ƙugiya aka kamo shi, suna cikin masu neman a tsaurara.

Wani abu da ya shafe ka kai tsaye: tun 1990 aka ware bakunan koguna sama da 30 a Ingila da Wales a matsayin makwancin 'ya'yan sibas, inda aka hana kama shi daga cikin jirgi ko kwale-kwale, kuma kogunan Plymouth, har da Tamar, suna ciki. Dabarar da Kabawa suka daɗe da sani ce a Matan Fada ta Argungu, inda ake hana kamun kifi sai lokacin biki. Tunda Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, duk shekara ɓangarorin biyu ke zama su sabunta ƙa'idojin, don haka kafin ka fita duba sanarwar wannan shekarar ta MMO, hukumar da ke kula da kamun kifi a tekun Ingila, kan adadi da watannin rufewa. Ka riƙa tafiya da abin awo, a auna daga bakin kifin zuwa ƙarshen wutsiya. In bai kai ba, jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, ka kula da ƙayoyin bayansa da kaifin murfin kunnensa, ka zare ƙugiyar da sauri. In ya haɗiye ta can ciki, yanke zaren kawai, kada ka tsaya tono. Riƙe shi cikin ruwa har ya motsa da kansa sannan ka sake shi.