Tambaya da Amsa: Karen da Ke Yi wa Maƙwabcinmu Jagora Yana Ramewa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, ni malamar firamare ce a cikin garin Bauchi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na wani bawan Allah mai larurar gani, wanda ya yi karatu a ƙasar waje ya dawo bara da wani baƙin kare da aka horar domin ya yi masa jagora. Tun shigowar bazara na lura karen ya rame, har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Idan maigidan ya dawo daga aiki, akan ɗaure shi a gindin darbejiyar ƙofar gida, wadda inuwarta take kaucewa bayan azahar, kwanon ruwansa kuma sau da yawa a kife yake. Kwanan nan ya fara ɗingishi da ƙafar gaba, kuma sau biyu na ga maigidan ya fizgi igiyarsa ya daka masa tsawa. Yaran unguwa ma sukan jefe shi. Na so in riƙa jefa masa abinci, maigidana ya hana, ya ce ba ruwana. Ƙanwata ta ce in ɗauki hoto in sa a Facebook. Ina jin nauyin a ce na kai ƙarar makaho saboda kare, ina kuma tsoron Allah ya tambaye ni. Me ya kamata in yi?

Wata mai karatu, daga Bauchi

AMSA

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan tausayi. Kafin ki yanke wa maƙwabcinki hukunci, ki sake karanta wasiƙarki, za ki ga cewa yawancin abin da kika lissafa da ido kika gane shi. Inuwar da ta kauce, da kwanon da aka kife, da yaron da ya ɗauki dutse daga nesa, duk suna iya faruwa taku biyar daga inda mutumin yake zaune ba tare da ya sani ba. Wannan bai wanke shi gaba ɗaya ba, domin makarantun da ke ba da irin waɗannan karnuka suna koya wa mai kare ya riƙa taje shi yana shafa jikinsa a kai a kai, kuma hannu yana gane rama kamar yadda ido yake ganewa, ɗingishi kuwa yana jin sa ta mariƙin ɗamarar karen da yake riƙe da shi. Amma kafin a yi maganar ƙara, hakkinsa ne a kanki ya fara jin abin da kika gani.

Wannan kare ba irin na gadi ko na farauta ba ne. Mu a ƙasar Hausa abin da muka sani shi ne sanda da ɗan jagora, yaro a gaba, babba a baya. Horar da kare don wannan aiki a makaranta ya fara ne a garin Oldenburg na ƙasar Jamus a 1916, saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amurka ta buɗe tata makarantar a 1929, Ingila ta fara a 1931, a nahiyarmu kuma Afirka ta Kudu ta kafa ƙungiyarta a 1953. Kare yakan kai kusan shekara biyu kafin a miƙa shi ga mai shi, bayan an koya masa tsayawa a bakin titi, da kauce wa rami, da lura da reshe ko allon da zai bugi kan mutum ko da shi karen zai wuce ta ƙarƙashi lafiya. Mafi wuya a cikin darussan shi ne a koya masa ƙin bin umarni idan umarnin zai kai ga halaka: mai shi yana sauraron motoci ya ce a tsallaka, karen ya hango wadda mutumin bai ji ba, sai ya toge. To, ki auna wannan da titunanmu, inda ɗan achaɓa yake fitowa ta hannun da ba nasa ba, Keke Napep ta tsaya inda ta ga dama, lambatu kuma a buɗe. Karen da ƙishirwa ta galabaitar, ƙafa kuma tana yi masa ciwo, hankalinsa ba ya kan hanya, kuma mutumin da ke biye da shi a wajen kasuwar Wunti da tsakar rana shi zai fara kwasar sakamakon. Saboda haka maganar da za ki kai masa maganar ransa ce, ko da a baki sunan kare za ki ambata.

Akwai abubuwan da mai kallo daga waje yake ɗauka mugunta alhali ƙa'idar aiki ce. Idan karen yana sanye da ɗamarar aiki mai mariƙi, ba a shafa shi, ba a kiransa, ba a miƙa masa ko loma. Abincinsa ma aunawa ake yi a ba shi a kan lokaci, domin karen da ya saba karɓa a hannun mutane zai ja mai shi zuwa teburin mai tsire maimakon inda aka nufa. A nan maigidanki ya yi daidai da ya hana ki jefa abinci, balle ma wasu abubuwan da ke cikin tukunyarmu, kamar albasa da ƙashin kaza dafaffe, suna cutar da kare. Fizgar igiya sau ɗaya tare da kalma mai kaushi a lokacin da karen ya shagala, wasu makarantu sun daɗe suna koyar da ita a matsayin gyara, ko da yake yanzu an fi karkata ga horo ta hanyar yabo da lada. Don haka fizga biyu da kika gani ba su isa hujja ba. Duka da sanda, ko shuri, ko ka ga kare yana maƙalewa yana rawar jiki idan mai shi ya ɗaga hannu, wannan kam zalunci ne, babu makarantar da ta koyar da shi.

Ramar ce ta fi damuna. Yawancin karnukan jagora jinsin Labrador ne ko danginsa, kuma an san su da son ci, har ma matsalar da likitoci suka fi fama da ita a kansu ita ce ƙiba. Lafiyayyen kare, idan aka shafa gefensa za a ji haƙarƙari a ƙarƙashin ɗan nama, amma ba za a hango su daga tsallaken hanya ba. Idan irin wannan kare ya rame haka, ko dai abincin bai isa ba, ko kuma akwai cuta. Tsutsar ciki tana yin haka, cututtukan da kaska ke ɗauke da su ma suna yi, suna cinye jini har dasashin kare ya koma fari maimakon ja-ja. Abincin buhu da ya saba da shi a can yana da tsada a nan, mai yiwuwa an koma ba shi ragowar tuwo, wanda yake cika ciki amma ba ya riƙe jikin dabbar da ke aiki. Akwai kuma abin da na fi zargi, wanda ba na so ki faɗa wa kowa a matsayin tabbas: a gidaje da yawa yaro ake ɗora wa irin wannan hidima, yaron kuma yana ƙyamar kare, sai ya ce ya ba shi alhali bai ba shi ba.

Zafi kuwa ba ya jira. Kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, haki ne hanyarsa ta fitar da zafi, sai ɗan gumin tafin ƙafa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi yake kaiwa wajen digiri 40, baƙin kare mai kaurin gashi da aka ɗaure a rana yana iya mutuwa a yini guda. Karen da nauyinsa ya kai kilo 30 yana bukatar ruwa kusan lita biyu a rana, a bazara fiye da haka. Kwalta ma tana ƙona masa ƙafa. A ɗora bayan hannu a kanta na ɗan lokaci, idan hannu bai jure ba to ƙafar kare ma ba za ta jure ba. Idan wata rana kika ga yana haki ba ƙaƙƙautawa, miyau na dalala, yana tangaɗi ko ya kasa tashi, kada ki tsaya neman lafazi mai daɗi: ki aika a buga ƙofa, a mai da shi inuwa, a zuba masa ruwa mai ɗan sanyi a jiki, a nemi likitan dabbobi nan take.

Inda na saɓa da maigidanki shi ne cewa ba ruwanki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ki bi ta hanyar da ta dace da maƙwabtaka: ko ki shiga wajen matar gidan, ko ki lallashi maigidanki ya same shi bayan sallar la'asar su biyu kawai. A fara da tambaya, a kuma faɗi abin da aka gani ba tare da fassara ba. Ya isa a ce, "Malam, mun lura inuwar darbejiyar nan tana barin karen nan bayan azahar, kwanonsa kuma yakan kife, ko ka san da haka? Mun ga kamar yana ɗaga ƙafar gaba." Mutumin da ya sha jin ana yi masa magana kamar yaro saboda larurarsa yana iya jin zafi da farko, a yi masa uzuri. A haɗa maganar da tayi na zahiri, kamar rumfar zana, ko kwano mai nauyi da ba ya kifewa, ko a ɗauke su a mota zuwa asibitin dabbobi, tunda ba kowane mai abin hawa ne zai yarda ya ɗauki kare ba, kuma mai yiwuwa wannan ne ma ya hana shi zuwa. A can a duba jini da kashi, a ba da maganin tsutsa da na kaska, a kuma tabbatar allurar rigakafin haukan kare ba ta wuce lokacinta ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a maƙwabciyarmu Filato, tana sarrafa wannan allura.

Batun jifa kuwa naki ne kai tsaye, tunda ke malama ce. Darasi ɗaya a aji, da magana ɗaya daga mai unguwa ga iyaye, za su yi abin da tsawar mai karen ba za ta yi ba. Karen da aka saba jifa yakan koma mai firgita, mai firgita kuma ba ya iya jagora.

Ina kyautata zaton dalilin ɗaure shi a waje shi ne iyalin gidan ba sa son sa a ciki saboda addini. Fatawa ta malamai ce, ba tawa ba, amma abin da aka sani a mazhabar Malikiyya da muke bi shi ne kare mai rai ba najasa ba ne, kuma hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa sun yi ƙiyasin sauran larurori a kansu. A 2008 wata majalisar malamai a Ingila ta amince wani matashi makaho ya je masallaci a Leicester da karensa, aka keɓe wa karen wurin jira a mashiga. Ko ba a shigar da shi ɗaki ba, zaure ko wani lungu mai inuwa a tsakar gida ya fi ƙofar gida. Hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare da huffinsa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, duka suna cikin Bukhari da Muslim, kuma iyalin gidan sun san su.

Idan an yi magana sau ɗaya, sau biyu, mako biyu suka wuce ba abin da ya canza, sai ki fara rubuta rana da lokaci da abin da kika gani, ba ƙari ba ragi. A sa wani da yake jin nauyinsa, limami ko mai unguwa ko shugabannin ƙungiyar makafi ta jiha, waɗanda za su yi masa magana ba tare da ya ce gorin larura ake yi masa ba. Sannan akwai makarantar da ta horar da karen, wadda sunanta kan kasance a jikin ɗamarar ko a ƙarfen wuyansa. Makarantu da yawa suna ci gaba da bibiyar karnukansu, wasu ma karen yana nan a matsayin mallakarsu, kuma idan aka sanar da su sukan fara da bincike da shawara kafin su yi maganar karɓewa. Nisa zai rage abin da za su iya yi, amma wasiƙa daga wurinsu tana da nauyi a wajen wanda suka horar. Hukuma ita ce mataki na ƙarshe, sai dai idan duka ne mai raunata dabba, wanda kundin hukunta laifuffuka na Arewa ya haramta. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta kare mutuncin maƙwabcinki, ba ta ɗauke masa nauyin dabbar da ke hannunsa ba.

Shawarar ƙanwarki kam ki ajiye ta. Hoto a Facebook zai tona asirin mutumin da duk gari ya san shi da karensa, ya tara masa masu zagi, ba tare da ya ƙara wa karen ko kofin ruwa ba. Idan kuma hayaniya ta sa aka raba shi da karen ba shiri, ƙarshenta a cire wani yaro daga makaranta a damƙa masa sanda, tsugunne ba ta ƙare ba ke nan.

A tambaye shi shekarun karen, domin yawancinsu sukan ajiye aiki idan sun kai wajen shekara tara ko goma, kuma ciwon gaɓoɓi na tsufa yana kawo ɗingishi. Kafin a kai ga likita, wani mai gani ya buɗa tsakanin yatsun ƙafar da fitila yayin da mai karen yake riƙe da kansa, domin ƙarangiya da ƙaya da kaska duk a nan suke maƙalewa. Kada kuma kowa ya ba shi maganin ciwon jiki na mutane, irin wanda ake saye a kemis, domin wasu daga cikinsu suna lalata ƙoda da hantar kare.