Sumo ya ƙone, asusu babu kuɗi: ta ina ake samun tallafin ruwa?

Tambaya: Ni ne ma'ajin ƙungiyar 'yan kasuwarmu a jihar Katsina. Muna da rijiyar burtsatse mai sola da gidan wanka da bahaya. Sumo, wato injin da ke cikin rijiyar yana turo ruwa sama, ya ƙone, asusu kuma wayam. Na ji ana ba da tallafin ruwa, ta ina za mu bi?

Amsa: Alhaji, babban shirin da ake magana a kai shi ne SURWASH, shirin samar da ruwa da tsaftar muhalli a birane da karkara, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, na dala miliyan 700, a jihohi 7 ciki har da Katsina, Kaduna, Gombe da Filato. Rance ne aka ba gwamnati, yana bi ta hukumomin jiha, kuma yawancinsa sai an tabbatar aiki ya tsayu ake sakinsa. Ba a tura wa ƙungiya a akawun. Ƙofarku ita ce RUWASSA, wato hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara, ko hukumar ruwa ta jiha. Duk wanda ya ce ku biya kuɗin fom, ku guje shi.

Abin da ya fi damuna shi ne asusun nan. 'Yan garuwa suna cika jarkoki kullum, masu shiga wanka suna biya, to ina kuɗin? Mai ba da tallafi wannan zai fara tambaya, don ya gaji da gina rijiyar da za ta mutu bayan ya juya baya.

Ku sayi littafi, ku zaga da mai gyaranku. Ku rubuta sumo, farantan sola, tanki da ƙarfen da ya ɗauke shi, bututu, kawunan famfo, har ramin masai da lokacin da aka yashe shi. Kowanne da shekarar sayensa, halin da yake ciki, da farashinsa a yau. Farantan sola kan haura shekara 20, sumo kuwa ba ya kai ko kusa, musamman in ruwan da yashi.

A ce sumo naira 600,000 ne, zai yi shekara 5: kowane wata 10,000 ke nan za ku ware, ku ɗan ɗora saboda tsadar kaya. Ku buɗe masa akawun daban mai sa hannun mutum biyu, ko shugaba ba ya ranta daga ciki.

Na yanzu kam ku yi karo-karo ku maye shi, kada kwastomomi su saba da wata rijiyar. Sannan ku yi wa ƙungiya rajista, ku kai wa hukuma takardar neman taimako tare da littafin da lissafin cinikin wata 6.