Amsa ga 'yata kan ƙiriniyar ɗanta da batun riƙo

'Yata, ina fatan kuna lafiya a Agege. Kin tambaye ni ko gaskiya surukarki ta faɗa, cewa sangarta ce ta hana yaronki zama wuri ɗaya da ƙarasa aikin makaranta, da kuma ko ya dace ki miƙa shi riƙo Kano kamar yadda aka saba.

Idan lalurar da likitoci ke kira ADHD ce, wato yawan ƙiriniya da kasa tattara hankali wuri ɗaya, to ba tarbiyyarki ce ta jawo ta ba. Ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma ne, tana samun kusan yara 5 cikin 100, kuma binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi tsoka, wajen 70 zuwa 80 cikin 100. Ba a kuma tabbatar da ita sai alamun sun bayyana kafin shekara 12, sun kai wata 6, ana kuma ganinsu a gida da makaranta, ba wuri guda kaɗai ba.

Sai dai yadda ake riƙon yaro yana iya sassauta lamarin ko ya tsananta shi. Na san an ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma dorina ba ta koya wa irin wannan yaro nutsuwa, domin ya san dokar sarai, riƙe kansa ne yake gagararsa a lokacin; abin da duka ke ƙara masa shi ne taurin kai da ƙarya don tsira. Sakaci ma ba alheri ba ne. Abin da ya fi amfani shi ne doka kaɗan wadda ba ta sauyawa, umarni ɗaya a lokaci guda, da yabo nan take idan ya yi daidai, ko da kunyar ɗan fari tana nauyaya miki baki. Ki kula da barcinsa kuma, domin yaron da ake tasa da asuba saboda cunkoson motocin Legas ƙiriniyarsa ƙaruwa take yi.

Game da riƙo, ban ga dacewarsa yanzu ba, domin lalurar za ta bi shi duk inda ya je. Ki fara shawartar maigidanki, ku kai shi sashen yara na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba ko asibitin koyarwa na Idi-Araba, tare da rahoton malaminsa na boko da na Islamiyya.