Sabon furosesa ko mai araha: amsa ga mai shagon kwamfuta a Ƙofar Ƙaura

Wani Alhaji mai shagon buga takardu da rajistar intanet a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, ya aiko mini da tambaya. Yana son ya haɗa kwamfutocin tebur guda shida kafin lokacin rajistar JAMB. Aikinsu bugun rubutu ne, da cike fom, da wanke hoton fasfo, sai ɗaya da yaronsa zai riƙa zanen katin biki da fosta da CorelDRAW, wani lokaci kuma ya gyara bidiyon suna. Ɗan ƙanensa ya ce masa kada ya sayi kowane furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai sabon fitowa, Core Ultra na Intel ko Ryzen 9000 na AMD. Alhajin yana tambaya ko kuɗin zai fita.

Alhaji, ɗan ƙanen naka bai yi ƙarya ba, waɗannan sun fi gudu. Kuskurensa shi ne ya ɗauki farashin furosesa shi kaɗai. Ba a sayensa shi kaɗai. Yana zuwa ne da madabod, wato allon da ake dasa komai a kansa, da kuma ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, kuma kowanne sai ya dace da ɗan'uwansa. Duk wanda ya faɗa maka kuɗin ɗaya, ka ce ya haɗa maka ukun a takarda.

Ga inda kuɗin ke ɓuya. Core Ultra na tebur da suka fito a Oktoban 2024 suna zama ne a sabon gurbi na jikin madabod mai suna LGA1851, kuma ba sa karɓar kowane ram sai sabon nau'in DDR5. Ryzen 7000 da 9000 su ma gurbinsu AM5 ne, DDR5 zalla. Core Ultra 5 245K ya fito a kan dala 309, Ryzen 5 9600X a kan dala 279, kuma duka biyun ba sa zuwa da fankar sanyayawa a kwali, sai ka saya daban. Ka ɗora wannan a kan kwamfuta shida, ka juya shi zuwa naira da canjin ranar, sannan ka tuna cewa tun ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe shi. Duk wannan don a buga takardar neman aiki?

Da ni ne, biyar ɗin nan na bugun rubutu zan haɗa su da Core i3-12100 a kan madabod H610 mai karɓar tsohon nau'in ram DDR4, ko Ryzen 5 5600G a kan madabod A520 ko B550. Na farkon yana da ƙwaƙwalwar aiki huɗu a cikinsa, ya fito a farkon 2022 a kusan dala 122. Na biyun yana da shida, kuma ɓangaren hotonsa ya fi ƙarfi. Duka suna nuna hoto da kansu ba tare da katin girafik ba, wato katin nuna hoto da ake saya daban, kuma na cikin kwali suna zuwa da fankarsu. A bugun rubutu da cike fom, ɗalibar da ta zo daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ba za ta ga bambanci tsakaninsu da mai tsada ba. Abin da za ta gani shi ne jinkirin intanet, da kuma kwamfutar da aka bar ta da tsohon had-disk mai juyawa, wato faifan ajiyar bayanai. Saboda haka rarar kuɗin ka zuba ta a SSD, ma'ajiyar bayanai mai sauri, ga kowace, da ram giga 8 aƙalla.

Ka kula da harafin ƙarshe, nan ne mutane ke faɗawa rami. Intel mai F a ƙarshe, kamar 12100F ko 12400F, ba ya nuna hoto. Za ka ga ya fi araha ka yi murna, ka kai shago a haɗa, allo ya tsaya baƙi ƙirin sai ka ƙara kuɗin kati. Haka Ryzen 5 5600 mara G. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Ta shida, ta zane da bidiyo, ita ce ta cancanci ka buɗe hannu. A nan zan karkata ga AM5: Ryzen 5 7600 a kan madabod B650, da ram giga 16. Dalilina na kasuwa ne. AMD ta yi alkawarin ci gaba da fitar da furosesa na wannan gurbi har 2027 ko fiye, kuma mun ga yadda ta riƙe tsohon gurbinta AM4 shekaru masu yawa. Ke nan bayan shekara biyu ko uku za ka iya canza furosesan kaɗai ka bar allon. LGA1700 kuwa, gurbin da i3-12100 ke zama, ya tsaya a zubi na 14 na furosesan Intel, an rufe ƙofa. Ga kwamfutocin bugun rubutu wannan ba damuwa ba ne, don za su tsufa a aikinsu kafin ka buƙaci ƙari. Madabod masu Z ko X a farkon lambarsu ka bar wa 'yan wasan gem.

Sai maganar wuta, wadda ɗan ƙanen naka bai saka a lissafi ba. I3-12100 iyakar jansa wat 89 ne idan aiki ya yi nauyi, 245K kuwa yana kaiwa 159. A shagon da ke kwana a kan janareto ko sola, ga zafin watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, mai ƙarancin zafi ya fi daɗewa lafiya. Kuma kada ka yi rowa a fawa-fak, akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, da UPS, batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, domin wutar da ta ɗauke ta dawo da ƙarfi tana iya cin madabod.

Na san wani zai kawo maka na hannu, 'yan Beljiyam, a farashi mai daɗi. Ba haramun ba ne, amma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta amince da Intel da ya gaza zubi na 8 ba. Kada sunan i7 ya ruɗe ka, i7 na zubi na 4 tsoho ne tukuf.

Idan ka tashi saye, ko a nan Katsina ko a titin Beirut a Kano, ka karɓi farashi daga shago uku a rana guda, tunda dala ba ta zama wuri ɗaya. Ka sa a rubuta cikakkiyar lambar furosesa da ta madabod a rasit, da tsawon garanti, kuma a kunna maka kowace a gabanka kafin a ɗora a mota.