Ka Je Ka Gaida Baffanka

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce za ka bar gidan rediyo ka tsaya takara a jam'iyyar adawa, kana tambaya ko dole ne ka je ka sanar da baffanka da ke jam'iyya mai mulki, alhali ka shekara da shekaru kana caccakar gwamnatinsu.

Dole ne mana.

Hanyar nan ba kai ka sare ta ba. Anthony Enahoro yana ɗan shekara 21 ya zama editan jaridar Southern Nigerian Defender ta Azikiwe a 1944. Shi ne ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a majalisa a 1953. Da jam'iyyarsa ta Action Group ta koma adawa, rikici ya kore shi Ingila, aka taso ƙeyarsa a 1963, aka yanke masa shekara 15, sai Gowon ne ya sake shi a 1966. Lateef Jakande, editan Nigerian Tribune, shi ma ya ɗanɗana kurkuku tare da Awolowo kafin ya hau kujerar gwamnan Legas a 1979. Ka lura, duk sai da suka kwana a bayan kanta. Ranar irin wannan, 'yan jam'iyya watsewa suke yi, dangi ne ke kai tuwo.

Mu da muka tashi zamanin jam'iyyun NEPU ta 'yan sawaba da NPC ta 'yan salama mun ga abin da ba na so ka gani. Wani ya ƙi zuwa jana'izar ƙanensa, aure ya mutu saboda miji ɗan sawaba ne, suruki kuwa ɗan salama. Har yau akwai gidajen da ba a gama ɗinke wannan ɓarakar ba.

Don haka da ƙafarka za ka je, ba ta waya ba, kuma kada ka bari ya fara jin labarin a bakin duniya. Ka cire takalmi, ka zauna ƙasa, ka ce addu'a ka zo nema. Kada kalmar ƙuri'a ta fito daga bakinka. In ya yi faɗa, kuma na san halinsa zai yi, ka sunkuyar da kai. Zaurensa ba ɗakin watsa shiri ba ne da za ka ce sai ka mayar da martani.

Wani abu kuma, tun kafin fosta ta fito ka miƙa takardar ajiye aiki. Mai sauraro ba ya yafe wa wanda ya karanta masa labarai da safe ya kuma hau mumbarin kamfe da yamma.

Ka biyo ta gidana ranar Juma'a bayan la'asar, ni zan raka ka. Ka gaida mahaifiyarka.