'Yata ta yi kuka saboda shirin 'yan tsana, in hana ta kallo?

Tambaya

Assalamu alaikum Malama. Ina da yarinya 'yar shekara biyar da rabi. Kwanakin baya ta ci karo da wani tsohon kashi na shirin Sesame Street a intanet, inda ake gaya wa ƙaton tsuntsun nan cewa dattijo mai kanti ya mutu. Ina shigowa ɗaki na tarar da ita tana share hawaye da bakin rigarta. Mahaifina ya rasu wata huɗu da suka wuce, mu kuma muka ce mata Kaka ya yi tafiya. Da dare ta ce mini, "Mama, Kaka ma ba zai dawo ba ne?" Na rasa abin faɗa. Maigidana ya ce a daina kunna mata shirin. Ni dai a sanina shirin yara na dariya ne da koyon baƙi da ƙidaya, me ya kai su ga maganar mutuwa? In hana ta ne?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Kada ki hana ta. Damuwar nan da kika gani ta daɗe a zuciyarta tun kafin ta kalli shirin. Wata huɗu ke nan tana ganin kujerar Kaka ba kowa, ta ga manya suna kuka, ta ga ana sassauta murya idan ta shigo, sannan aka ce mata tafiya ya yi. Yaro ɗan shekara biyar ya san cewa ba a yi wa matafiyi irin wannan kukan. Ta riƙe abin ne a ciki don ba ta san yadda za ta tambaya ba, sai tsuntsun ya yi tambayar a gabanta, ita ma bakinta ya buɗe.

Bari in ba ki labarin wannan kashin, domin yadda aka yi shi ya ƙunshi rabin amsar tambayarki. An fara Sesame Street a Amurka ranar 10 ga Nuwamba, 1969, kuma tun daga farko akwai wani ɗan wasa mai suna Will Lee da ke fitowa a matsayin Mista Hooper, dattijon da ke da kanti a layin da labarin shirin ke gudana. Will Lee ya rasu a watan Disamba na 1982. Masu shirin suna da hanyoyi masu sauƙi a gabansu. Suna iya cewa dattijon ya yi ritaya ya koma wani gari, ko su kawo wani ɗan wasan ya ci gaba a madadinsa. Sai suka nemi shawarar masana halayyar yara, suka yanke cewa za su faɗa wa yara gaskiya. Norman Stiles ne ya rubuta kashin, aka nuna shi ranar 24 ga Nuwamba, 1983. Ranar hutun godiya ce a Amurka, kuma da gangan aka zaɓe ta, don iyaye suna gida, yaron da ya tashi da tambaya zai samu wanda zai yi wa. Riƙe wannan, zan dawo kansa.

A cikin shirin, Big Bird, ƙaton tsuntsun nan rawaya wanda aka tsara shi da tunanin yaro ɗan shekara shida, ya zana hotunan manyan layin yana raba musu ɗaya bayan ɗaya, kowa yana murna. Da ya zo kan na Mista Hooper sai ya shiga nemansa. Wuri ya yi tsit. Aka tuna masa cewa ai an faɗa masa, Mista Hooper ya mutu. Sai ya ce to ba komai, zai ba shi idan ya dawo. Nan ne Susan, ɗaya daga cikin manyan layin, ta ce masa Mista Hooper ba zai dawo ba, wanda ya mutu ba ya dawowa. Ki lura da abin da tsuntsun ya fara tambaya bayan wannan: wa zai kula da kantin, wa zai riƙa haɗa masa abin shansa, wa zai ba shi labari? Babba zai iya ganin son kai a nan, alhali haka tunanin yaro yake, wa zai kula da ni yanzu. Manyan suka amsa masa, David zai riƙe kantin, sauran kuma duk suna nan tare da shi. Daga baya ya fusata, ya ce a ba shi dalili ɗaya tak da ya sa dole abin ya zama haka. Gordon, wani daga cikin manyan, bai ƙirƙiro masa dalili ba, ya ce masa haka abin yake, kawai. Hawayen da kike gani a fuskokin manyan na gaske ne, don wasunsu sun yi shekara 13 suna aiki da mamacin.

Akwai abin da suka ƙi faɗa, shi ma da gangan. Ba su ce ya mutu don ya tsufa ba, ko don ya yi rashin lafiya, ko don an kai shi asibiti. A idon ƙaramin yaro iyayensa ma tsofaffi ne, shi kansa yana yin zazzaɓi, ana kai shi asibiti. Da an haɗa mutuwa da waɗannan, da yara da yawa sun kwana cikin tsoro.

Yara 'yan ƙasa da shekara biyar galibi suna ɗaukar mutuwa kamar barci ko tafiya, abin da ake yi a dawo. Wajen shekara biyar zuwa bakwai ne yawancinsu ke fara gane cewa ba a dawowa, jiki ya daina aiki gaba ɗaya, kuma abu ne da ke kan kowa. 'Yarki tana daidai bakin wannan ƙofa, shi ya sa maganar Susan ta shige ta haka.

Sai batun me ya sa ɗan tsana ke iya abin da mu manya kan kasa. A aikina da ƙananan yara na sha ganin wannan. Akwai wani yaro da ya yi makonni ba ya ce mini uffan bayan an raba shi da wanda yake ƙauna. In na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa. Wata rana na sa tsohuwar safa a hannu, mai maɓalli biyu a matsayin idanu, na sa ta ta ce ita jiya ba ta yi barci ba don tana jin tsoro. Yaron bai kalle ni ba, safar ya kalla. Ya matso har gwiwarsa ta taɓa tawa, ya raɗa mata cewa shi ma haka. Ya san sarai hannuna ne a ciki, yana ganin bakina yana motsi. Amma safa ba ta yin faɗa, ba ta ɓata rai, ba za ta fashe da kuka don abin da ya faɗa ba. Yara suna tausayin iyayensu fiye da yadda muke zato, kuma da yawa suna haɗiye tambaya ne don kada su sa Mama kuka. Ɗan tsana sa'ansu ne, yana kuskure irin nasu, yana tambayar da babba zai kira shirme. Baƙin cikin kuma nasa ne, yana can cikin talabijin, yaro yana iya matsowa kusa da shi gwargwadon abin da zai iya ɗauka, in ya yi masa yawa ya juya ga wasansa.

Duk da haka maigidanki bai yi magana a banza ba. Shirin yara yana iya taɓa abu mai nauyi ya bar yaro da mummunar fahimta, kuma masu Sesame Street da kansu sun taɓa faɗawa wannan ramin. A 1992 sun shirya kashi guda kan mutuwar auren iyayen Snuffleupagus, abokin Big Bird. Sun yi shi da taka-tsantsan, har da maimaita cewa iyayen suna ƙaunar 'ya'yansu. Kafin a watsa sai aka gwada shi a kan ƙananan yara. Abin da ya fito ya tayar musu da hankali: wasu yaran sun ɗauka cewa duk ranar da iyaye suka yi cacar baki to rabuwa ta zo, wasu kuma sun fahimci cewa iyayen sun daina son 'ya'yan. Aka ajiye kashin, ba a taɓa watsa shi ba. Ina girmama su a kan wannan shawara fiye da abubuwa da yawa da suka watsa. Ni a wurina, abin dubawa bayan yaro ya kalli irin wannan shiri shi ne abin da ya tashi da shi a kansa, ko ya yi kuka ko bai yi ba. 'Yarki ta tashi da fahimta daidai, cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, ta kuma kawo miki tambayar kai tsaye. Wannan alama ce mai kyau ƙwarai, tana nuna ta amince da ke.

Tun da na ambaci Snuffleupagus, akwai wani gyara da suka yi da nake so kowane uba da uwa su sani. Tun 1971 Big Bird yake cewa yana da wannan aboki mai kama da giwa, manya ba su taɓa ganinsa ba, suna ɗauka ƙirƙira ce. Abin dariya ne a shirin har tsawon shekara 14. Da labaran cin zarafin yara suka yawaita a kafafen labaran Amurka, sai masu shirin suka ga haɗarin koya wa yaro cewa ko ya faɗi gaskiya manya ba za su yarda ba. A 1985 manyan suka ga Snuffleupagus da idonsu, suka ba Big Bird haƙuri. Babba yana ba yaro haƙuri a gaban miliyoyin yara, ba ƙaramin darasi ba ne. Daga baya an ci gaba da taɓo abubuwa masu nauyi ta hanyar 'yan tsana: Kami, marainiya mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV, a shirin Afirka ta Kudu a 2002, da Julia mai lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane, da ta shigo shirin talabijin ɗin a 2017.

To, yanzu ga abin da ya fi shirin muhimmanci, wato maganar tafiyar Kaka. Na san don tausayi kuka faɗa, kusan kowa haka yake yi a ranar da kansa ya ɗau zafi. Amma yaron da aka ce wa mamaci ya yi tafiya yana zaman jira ne, yana kasa kunne ga ƙofa. In jiran ya yi tsawo sai ya fara tunanin ko Kaka ya manta da shi, ko wani laifi ya yi da ya sa aka ƙi dawowa. Wani kuma ya shiga firgita duk lokacin da uwarsa ta ɗauki jaka. Cewa mamaci barci yake yi ya fi wannan muni, don akwai yaran da ke ƙin kwanciya saboda shi.

Ki samu lokacin da hankalinki yake kwance, da rana ya fi, ba dab da barci ba. Ki zaunar da ita a jikinki ki ce mata wani abu kamar haka: "Kin tambaye ni ko Kaka zai dawo. Ba zai dawo ba, Kaka ya mutu. Na ce miki tafiya ya yi don ba na so ki ji zafi, amma da na faɗa miki gaskiya ya fi." Ki yi amfani da kalmar mutuwa ita kanta, don lafuzzan ladabi da muke sakayawa da su tsakanin manya yaro yana ɗaukarsu ne yadda suka fito. Ki gaya mata jikinsa ya daina aiki, ba ya jin ciwo, ba ya jin yunwa ko sanyi, kuma ba wani abu da ta yi ko ta faɗa ne ya jawo ba. Abin da addininku ya koyar game da makomar mamaci ki ɗora a kai, daidai hankalinta. Shirin bai shiga wannan fagen ba, ya bar wa iyaye. In hawaye ya zo miki, ki bar shi ya zubo, ki ce mata kina kewarsa ne. Ta riga ta ga manyan layin sun yi kuka kuma duniya ba ta tashi ba.

Ki shirya wa tambaya ta gaba, don tana tafe: "Ke ma za ki mutu?" Kada ki yi mata alkawarin da ba naki ba. Ki ce kowa zai mutu wata rana, amma ga ki nan tare da ita, kina fatan ganin girmanta, sannan ki lissafa mata da suna mutanen da ke kula da ita. Tambayar Big Bird ce ta wa zai riƙe kanti, ta dawo da wata fuska. Kuma kada ki yi mamaki in ta saurare ki na minti biyu ta ce tana son fita wasa, ko ta sake yin tambaya iri ɗaya sau goma a mako guda. Haka yara ke ɗaukar baƙin ciki, kaɗan-kaɗan, su ajiye su dawo.

In ta nemi sake kallon kashin, ku kalla tare, kamar yadda masu shi suka nufa tun ranar da suka zaɓa don watsa shi. Gara ma Babanta ya zauna, zai ga abin da idonsa. Ita kaɗai da waya a hannu ne ban yarda da shi ba, don intanet na iya jefo mata wani bidiyon da ba wanda ya auna shi da hankalin yaro. Idan kuma kika ga makonni sun shuɗe tana mugayen mafarkai, ko ta koma fitsarin kwance, ko ta daina cin abinci da wasa, ko ba ta yarda ki matsa ko nan da can, to ki kai ta ga likitan yara ko masanin halayyar yara.

Hoton nan na Mista Hooper, Caroll Spinney ne ya zana shi da hannunsa, mutumin da ke cikin rigar Big Bird a wancan lokacin. Tsuntsun ya rataye shi kusa da sheƙarsa, ya kuma zauna a wurin shekara da shekaru, duk wanda ya kalli shirin yana hango shi a bango. Bayan kun gama magana, ki ba 'yarki takarda da fensir, ki tambaye ta ko tana so ta zana Kaka, ki kuma bar ta ta zaɓi inda za a manna shi.