Ga 'yar'uwar da ta ce shekara 3 ba ta ga hannun Allah ba

Salama a gare ku 'yan'uwa. 'Yata, tun daren jiya na karanta tambayarki, inda kika ce shekara 3 kina addu'a da azumi, ba ki ji murya ba, ba ki yi mafarki ba, ba ki ga wata mu'ujiza ba, har kin fara tunanin ko Ubangiji ya manta da ke. Da maganar na kwana a raina, domin ni ma na sha wannan ruwan.

Ki buɗe Littafin Rut. Sura 4 ne kacal, a zama ɗaya za ki gama. Ki duba da kyau, teku bai rabu ba, mala'ika bai sauko ba. Rut gwauruwa ce, baƙuwa daga Mowab, ta biyo surukarta Na'omi zuwa Baitalami, gida ba ko ƙwayar hatsi. Lokacin girbin sha'ir ne, sai ta ce bari ta je kala. Mu da muka tashi a ƙauye mun san kala: ki bi bayan masu girbi a sunkuye kina tsintar zangarniyar da ta faɗi, baya yana ciwo, kunya tana cin ki. A sura 2 aya 3 sai ga ta a gonar Bo'aza, dangin mijin Na'omi, kamar dai katari ta yi. Ba wanda ya nuna mata gonar. Daga nan aka yi aure, aka haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda, sunanta kuma yana nan a Matiyu 1:5 cikin asalin Yesu Almasihu.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin ma shi ne dalilin da ya sa ta sami abin tsinta. Tun a Littafin Firistoci 19:9-10 Allah ya ce kada a girbe gona har gefe, kada a koma a tsince abin da ya zube, a bar wa matalauta da baƙi. Bo'aza ya kiyaye wannan doka, har ya gaya wa ma'aikatansa su riƙa zare mata daga dami da gangan. Tuwon da Na'omi ta ci a daren nan daga biyayyar wani manomi ya fito.

Littafin Esta kuwa sura 10 ne, sunan Allah bai fito ko sau ɗaya ba. Amma a sura 6 barci ya ƙaurace wa Sarki Ahasurus, ya sa a karanta masa littafin tarihin mulkinsa, aka faɗa daidai inda Mordekai Bayahude ya tona asirin masu shirin kashe sarkin. Gari na wayewa Haman, babban bafaden sarki, ya zo neman izinin rataye Mordekai, sai sarki ya umarce shi ya girmama Mordekai ɗin, ya ƙare da jan dokin da aka ɗora Mordekai a kai a dandalin birni.

Bari in ba ki nawa. Shekarar da maigidana ya rasu ya bar ni da yara 4, ina saro tumatir da kabeji a Farin Gada ina kasawa a Tudun Wada. Wata rana cikin Agusta ruwa ya tsuge, irin na Jos ɗin nan mai haɗe da sanyi. Na ruga rumfar wata tela da ban taɓa sani ba, tire a kai, zanina sharkaf. Ta tura mini benci da ƙafa tana ci gaba da taka kekenta. Haushi kawai nake ji, ina lissafin tumatirin da zai kwana ya lalace. Sai wata mata ta shigo karɓar ɗinki, tana kukan mai dafa abincin makarantarsu ta koma garinsu. Ni ban iya buɗe baki ba. Telar ce ta ɗaga kai ta ce, "Ga wannan baiwar Allah, ku gwada ta mana." Shekara 14 na yi a madafar nan, da ita yarana suka gama sakandare. A ranar kuwa ko a mafarki ban ɗauka amsar addu'a ba ce. Sai da shekaru suka ja na waiwaya, na zauna na yi kuka.

Ba zan ruɗe ki ba, 'yata. Da Na'omi ta shiga Baitalami cewa ta yi a kira ta Mara, wato mai ɗaci, domin ranta ya yi ɗaci. Mijinta da 'ya'yanta maza 2 da suka mutu a Mowab ba su dawo ba, ko bayan da ta rungumi Obida. Nawa ma bai dawo ba, har yau kujerarsa tana nan a falo. Amma ko rana ɗaya yaran nan ba su kwana da yunwa ba.

Ki ɗauki takarda yau, ki rubuta abin da ya faru da ke a shekara 3 ɗin nan: wa kika haɗu da shi, a ina, wace ƙofa ce ta rufe, ina kika nufa bayan ta rufe. In kina cikin Jos, ki zo zumuntar mata ranar Talata da takardar a jakarki, mu karanta Rut tare.